Ganyen Geza a Kwalin Zinariya

Assalamu alaikum, masu bibiyata. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta rubuto daga Kamba tana cewa girman kai ne ke damuna. Na gode, 'yar'uwa, amma Gwaggona ta riga ki gano wannan ciwon da shekara biyar. Ga waɗanda yau suka tarar da mu: sunana Mashkura, ina koyar da Faransanci a wata makarantar 'yan mata a nan Bagudo, shekaruna ashirin da takwas, kuma a bayan idona mutanen unguwa suna kirana Malama Ba-Sukari.

Sunan yana da asali. Mahaifina, Malam Zainul-Abidina, tsohon hedimasta ne. Ya yarda da abin da malamai suka karantar, cewa ana neman izinin budurwa kafin a aurar da ita, sai dai ya ce shekara talatin a gaban allo ta koya masa cewa shirun ɗalibi ba kullum yake nufin ya gane ba. Tunda kunya ba za ta bar 'ya'yansa su buɗe baki a gabansa ba, sai ya ƙirƙiro mana jarrabawa. Duk wanda ya zo neman ɗayarmu da gaske, za a zaunar da shi a zaure ranar Juma'a bayan la'asar, yarinyar ta shiga madafa ita kaɗai ta dafa masa shayi. In ta amince, ta sa sukari. In ba ta amince ba, ta kawo shi haka nan. Baba ba ya kurɓa daga butar, domin likita ya raba shi da zaƙi tuntuni. Tambaya ɗaya yake yi: "Yaya shayin?" Wanda ya ji sukari ya ce, "Ya yi zaƙi," ya je ya turo magabatansa. Wanda bai ji ba ya ce, "Ya yi ƙarfi, Baba," ya sa takalmansa cikin mutunci.

Yayata Surayya ƙwaya huɗu ta zuba tun a manemi na farko. Ƙanwata Ni'ima an ce har da zuma ta ƙara. Ni kuwa maza uku sun sha shayina, kuma su ukun sun yaba ƙarfinsa.

Na huɗun shi ne Bunyaminu, mutumin Zagga, mai fataucin albasa zuwa Kandi ta Jamhuriyar Benin. Dogo ne, mai sanyin murya, ba ya wasa da jam'i. Ba shi da aibin da za a iya kai wa gaban alƙali. Aibinsa guda ne, kuma na san wasunku za su yi min dariya: a wurin Bunyaminu komai ya yi daɗi. Na taɓa sa gishiri sau biyu a miyar kuka, ya cinye ya ce ta yi daɗi. Motarsa ta kwana biyu a laka bayan garin Tsamiya, na tambaye shi hanya, ya ce ta yi daɗi. Ni kuwa na yi shekaru da jan biro a hannu, na san cewa malamin da ke ba kowa ɗari bisa ɗari bai karanta takardar kowa ba. Tsorona shi ne in wayi gari a gidan mutumin da ba zan taɓa sanin ranar da na ɓata masa rai ba, ko ranar da na faranta masa.

Ranar Asabar ya aiko da kyauta ta hanyar Segbana, garin Benin na kusa da iyaka: akwatin kwali mai ɗakuna shida, kowane ɗaki da nasa irin shayi, rubutun jiki duk da Faransanci. Baba ya ɗaga shi ya juya, ya ce, "Kayan Dahome," ya miƙo min. Sannan ya ƙara da cewa ya ba yaron Juma'a mai zuwa.

Gwaggo Barira ta biyo ni har ɗaki. Ƙanwar Baba ce, ta baro garin Sharabi ta riƙe mu tun rasuwar Innarmu, kuma ba ta taɓa barin mu mu manta ba.

"Ke Mashkura, mi kika jira? Wanda za a sassaƙo maki da icce?"

"Gwaggo, ina roƙon zaɓin Allah."

"Awo, roƙa. Mu ma mun roƙa, amma da Allah Ya kawo sai munka buɗe ƙohwa. In kinka kai ma wanga yaro ruwan ɗaci, ni dai Sharabi za ni koma, in bar ki da ubanki ku ta karatun kwali."

Na ce mata to. A raina kuwa na riga na tsara aikina. Tunda mutumin ba ya jin gishiri biyu a miya, dole in zaɓo cikin shida ɗin nan wanda ko mataccen harshe ba zai ɗauka yana da sukari ba. Na ware sabon littafi, na ja layi huɗu: launi, ƙamshi, ɗanɗano, da abin da ke saura a harshe bayan an haɗiye. Kullum in na taso daga makaranta sai in hura gawayi a ƙarƙashin darbejiya. Gwaggo ta naɗa kanta mataimakiyar mai jarrabawa, da nata kofin da gwangwanin sukarinta.

Na farko baƙin shayi ne da aka turara da ɓawon wani irin lemo. Launinsa ja mai duhu, mai kyau, ɗacinsa na manya. Amma ƙamshin ya hau kai. Gwaggo ta kurɓa ta riƙe a baki.

"Wanga kam kamar an wanke hular alhaji a ciki."

Ban sami abin da ya fi wannan ba, sai na rubuta shi yadda ta faɗa.

Ranar Litinin muka sha mai fanila. Tun kafin ruwan ya gama jiƙa ganyen, tsakar gida ya ɗauki ƙamshin kek ɗin biki, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Hanci ya rantse akwai zaƙi, harshe ya shiga ya laluba ko'ina bai tarar da kowa ba. Na daɗe ina kallon kofin, domin na ga kamar na san shi. Na soke shi nan take. Wannan ko babu sukari, Bunyaminu zai iya dafa Alƙur'ani cewa akwai.

Wayata ta yi ƙara. Shi ne.

"Malama, barka da yamma. Wanne aka sha yau?"

"Mai fanila. Ƙamshi ya yi alkawari, baki bai ga cikawa ba."

"Allah sarki. Amma kwalin ya yi kyau ko?"

"Kai ka ɗanɗana su kafin ka saya?"

"Duka shida. Duk sun yi daɗi."

Na kifa wayar a kan tabarma. Can ta sake motsi.

"Ke sukari nawa kike sawa a naki?"

Na yi zargin leƙen amsa yake yi, don haka na ba shi amsar malamai. "Rabin ƙwaya, in shayin ya cancanta. Abin da ya wuce haka, sukari ake sha, ba shayi ba."

"Na rubuta," in ji shi. Na ɗauka irin maganarsa ce.

Talata biyu muka haɗa. Akwai mai hoton wasu jajayen 'ya'yan itace da ban taɓa gani ba sai a littafi. Ƙamshinsa na cingam, launinsa kamar jan lalle, ga tsami mai kama gefen harshe. Gwaggo ta zuba ƙwaya biyar, ta lumshe ido, ta ce Turawa sun san abin duniya. Na juya bayan takardar na karanta kayan haɗin. Kaso mafi yawa soɓorodo ne, irin wanda ta shanya a kan rufin ɗakin kaji. Ban gaya mata ba. Akwai ilimin da ɓoye shi ladabi ne. Ɗayan kuma mai kirfa ne da citta da kanunfari, ɗan'uwan wanda mai shayin tasha ke dafawa, sai dai shi an tura shi makarantar kwana ya koyo magana ƙasa-ƙasa. Cittar tana nan, amma tana neman izini kafin ta yi yaji.

Na Laraba shi na fi so, kuma ba zan ɓoye ba: na'a-na'a da ciyawar nan mai ƙamshin lemon tsami. Ruwansa garau, kore-kore, abin da hanci ya ji shi baki ya tarar, bayan an haɗiye kuma maƙogwaro ya yi sanyi kamar an buɗe taga. Na sa masa rabin ƙwaya. Na ajiye sauran don kaina, domin bai dace a yi sallama da abu mai daɗi haka ba.

Saura ɗaki na shida, wanda takardunsa ruwan zinariya ne, aka rubuta masa Kinkéliba da harufa masu lanƙwasa, a ƙasa kuma aka ce shayin tsawon rai. Gwaggo ta sa aka wanke kofunan baƙi dominsa. Ruwan ya fito ja-ja kamar na rafi bayan ruwan sama, ƙamshinsa na ɗanyen itace. Na kurɓa: ɗaci kaɗan, sai bauri da ke ɗaure harshe ya zauna, ba ya gaggawar tafiya.

Daga zaure Baba ya ɗaga murya. "Wa ke dafa geza a gidan nan? Wani ba shi da lafiya?"

"Wace geza, Yaya?" in ji Gwaggo. "Na zinariya muka sha, na Turai!"

Baba ya shigo, ya karɓi takarda ɗaya ya farke, ya zazzage a tafin hannu, ya shinshina. "Geza ce, Barira. Ita Inna ke dafa mana in zazzaɓi ya kama mu. Ga ta can bayan makabarta, har awaki sun gaji da ita."

Na duba bayan kwalin. An tsinko ganyen a dajin ƙasashenmu, an haye teku da shi an ɗinka masa riga, sannan ya dawo ta Kwatano yana Faransanci. Gwaggo ta ture kofinta ta ce dama tun farko ta ji warin daji.

Ni kuwa na sami abin da nake nema. Na rubuta wa Bunyaminu: "Na zinariyan nan geza ce."

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa. "Ikon Allah. To ai ko geza ce, ta yi daɗi."

"Ba ta yi daɗi ba, Bunyaminu. Amma ba ta yi wa kowa ƙarya. Ita nake dafa wa wanda nake so ya ji gaskiya."

Na ajiye wayar. Na yi istihara a kowace rana ta makon nan, ban ga mafarki ba, ban ji wani haske ba, sai nauyi a ƙirji da na fassara yadda ya dace da shirina. Mai jan biro ma takan ba kanta maki.

Ranar Juma'a na sa atamfa shuɗiya mai zanen ganye, ɗinkin riga da zane, na yafa mayafi ruwan toka. Na wanke butar ƙarfe da toka har ta yi ƙyalli, na jera kofi ɗaya a kan tiren Innarmu mai bakin azurfa. Geza ta tafasa, na sauke ta ta huce. Gwangwanin sukari yana kan kantar madafa, ban ko dube shi ba.

Gwaggo ta tsaya a ƙofar madafa, ta dube ni sama da ƙasa.

"Da wanga mayahi za ki hita? Zaman makoki anka zo? Tahi ki sa mai ruwan hoda, kar ki ba mu kunya gaban mutanen Zagga."

Na ga ba a nan ya kamata in kafe ba, tunda babban saɓon yana tafe. Na je na canza. Da na dawo, na tarar da ita a gindin darbejiya tana jan carbi, fuskarta kamar ta wadda ba ta taɓa shiga madafa ba tun da aka haife ta.

A zaure Baba yana kan kujerarsa ta katako. Bunyaminu yana kan tabarma cikin shadda ruwan sararin sama, sabuwa har karin guga bai kwanta ba, ya tanƙwashe ƙafa kamar ɗalibi. Na yi sallama, na durƙusa, na tsiyaya. Bakin butar ya riƙa bugun kofin. Na ja baya zuwa bakin labule, na sunkuyar da kai. Tsorona ɗaya: kada ya ce ya yi daɗi, Baba ya rasa a wane layi zai rubuta shi.

Ya shinshina kofin tukuna. Ya yi bismilla ya kurɓa. Na ga girarsa ta ɗaga. Ya dubi cikin kofin, ya ɗago ya dube ni, kuma wannan ne karo na farko da na ga yana karanta abu kafin ya ba da maki.

"Yaya shayin?" in ji Baba.

Ya ajiye kofin a hankali. "Ya yi ƙarfi, Baba."

Abin da na shirya kenan tun Asabar. Ban san dalilin da ya sa na ji kamar na taka matakalar da babu ita ba. Baba ya gyaɗa kai ya ce Allah Ya zaɓa wa kowa mafi alheri. Bunyaminu ya ce amin, ya miƙa hannu wajen takalmansa.

Sai labule ya yaye, har ya kusa tafiya da mayafina.

"Ƙarya shi kai! Wallahi ƙarya shi kai! Ƙwaya bakwai niz zuba da hannuna, har na motsa da muciya!"

Gwaggo ta ji abin da bakinta ya faɗa bayan kowa ya riga ya ji. Ta kai carbin bakinta.

Baba ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Duk wanda ya yi makarantarsa ya san wannan alamar.

"Barira, zauna nan inda nake ganinki." Ta zauna. Ya juya. "Kai kuma, Bunyaminu, harshenka ya mutu ne?"

"A'a, Baba. Na ji sukari. Har yanzu haƙorana na jinsa."

"To don me ka ce ya yi ƙarfi?"

Ya dubi tabarma. "Baba, geza ta dafa min. Tun daga ƙamshi na san amsarta, don ta gaya min wanda take dafa wa geza. Kuma Malama rabin ƙwaya take sawa. Wannan hannun na san shi, na sha kununsa da azumi." Ya ɗago kai. "In na ce ya yi zaƙi, ban yi ƙarya ba, amma na ɗauki abin da ba ita ta ba ni ba. Na ga gara in yi ƙaryar in tafi, in nemi gafarar Allah a hanya."

"Ji shi!" in ji Gwaggo. "Ana gyara mai shina ɓatawa. Wane irin ɗan kasuwa ne wanga?"

Baba bai kula ta ba. "A makaranta, in aka kama satar amsa, soke takardar ake yi, a sake zama. Mashkura, koma ki dafa wani. Mai satar tana hannuna."

Na ɗauki tiren na fita. A madafa na tsiyayi sauran na kurɓa. Jama'a, ko alewar 'yan yara ba ta kai shi ba. Gezar ma ta suma a ciki. Wannan ne mutumin da ya cinye gishiri biyu ya yaba, yau aka ba shi zaƙin da ya zo nema tun daga Zagga cikin sabuwar shadda, ya ce ya yi ƙarfi. Na tsaya ina tunanin miyar kukar nan. Wataƙila tun ranar ya ji gishirin sarai, ya dubi fuskata, ya ba fuskar maki.

Na zubar, na ɗauraye butar sau uku. Takardun na'a-na'a suna gefe, masu sauƙin sha, kuma hannuna ya je kansu ya dawo. Geza na sake ɗorawa. In za a zauna, a zauna a kan abin da ba ya ƙarya.

Da ta tafasa, na sauko da gwangwanin Gwaggo, wanda ya yi sauƙi ƙwarai. Na ɗauki ƙwaya ɗaya na daɗe ina juya ta. Na karanta abin da ya sawwaƙa. Sannan na sa ta tsakanin yatsu na karya, na jefa rabi a buta, na mayar da rabi.

Ku da kuka san geza kun san abin da na yi. Rabin ƙwaya a cikin baurinta kamar raɗa ce a kasuwar Tsamiya: sai wanda ya kasa kunne. In ya ji tsoron ɗaukar abin da ba a ba shi ba, ya sake cewa ya yi ƙarfi, dokar Baba ba ta da zama na uku, kuma ni ba ni da bakin da zan yaye labule kamar Gwaggo.

Na durƙusa na tsiyaya. Wannan karon butar ba ta bugi kofin ba. Gwaggo ta miƙa wuya tana leƙen fuskata, na ba ta fuskar da nake shiga aji da ita ranar jarrabawa.

Ya yi bismilla. Ya kurɓa, ya riƙe a baki kamar yadda nake yi, ya haɗiye. Ya jira abin da zai saura a harshe.

"Yaya shayin?" in ji Baba.

Bunyaminu, wanda bai taɓa barin tambaya ta kai ƙasa ba tare da ya ce ta yi daɗi ba, ya riƙe kofin da hannu biyu, gumi na tsattsafo masa a ƙarƙashin hula.

"Baba," ya ce, "a yi min haƙuri in ƙara kurɓa."